Mai Madigadi da Marar Madigadi: Abin da Ke Raba Masoya Tseren Motoci

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin fassara ya ce kowane ɗalibi ya nemo labarin wasanni daga wata jaridar Turanci ya juya shi zuwa Hausa. Kusan duk 'yan ajinmu ƙwallon ƙafa suka ɗauko, kuma ban ga laifinsu ba, domin gidajen rediyo sun daɗe da share wannan hanya: mai tsaron gida, bugun kusurwa, satar gida, alƙalin wasa, duk ga su nan a ajiye. Ni kuwa da ƙarfin hali sai na ɗauko wani sharhi a kan tseren motoci a ƙasar Amurka, inda marubucin yake bayanin gardamar da ke tsakanin masoya tsere iri biyu. Da na zauna aiki, duk inda ya ambaci iri na farko sai in rubuta "tseren motoci", inda ya ambaci na biyu ma in rubuta "tseren motoci". Da na gama na karanta, sai na ga na ƙirƙiro wani mutum da yake son abu, kuma yake ƙin abin nan, a cikin jimla guda.

Malam ya mayar mini da takardar duk ta sha jan biro. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai Hausa ce ba ta da kalmomin." Ya dube ni ya ce, "Kai ne ba ka san abin ba tukuna. Je ka san shi, kalma za ta zo."

Hausa ba ita na sha a nono ba, Yarabanci ne harshen gidanmu, saboda haka maganar ta ɗan sosa mini rai, amma ba ni da ta cewa. Na shafe makonni ina kallon tsere a intanet, ina karance-karance, ina kuma damun wani kawuna bakanike da tambayoyi. Abin da na fahimta shi nake son gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu niyyar aikin jarida ko fassara, don wata rana irin wannan labari zai iya faɗowa hannunsu. Zan kira motocin biyu da mai madigadi da marar madigadi. Inda na samo sunayen zai zo daga baya.

Motocin Biyu

Mai madigadi ita ce wadda ƙungiyar NASCAR take shirya wa gasa. In ka hango ta daga nesa sai ka ce motar gida ce: ga rufi, ga bodi, tayoyinta huɗu suna lulluɓe kamar na kowace mota da ke bin titi. Sunan da Amurkawa suke kiranta da shi ma, ma'anarsa ita ce motar da aka ɗauko daga wurin dillali yadda kamfani ya ƙera ta, ba a taɓa komai a jikinta ba. A 1949, lokacin da aka fara gasar, da gaske ake. A tseren farko da aka yi a garin Charlotte, wanda ya riga kowa tsallake layi, Glenn Dunaway, an ƙwace nasararsa saboda an gano an ƙarfafa sifirin ɗin bayan motarsa. A yau kuwa suna ne kawai ya rage. Ƙashin motar bututun ƙarfe ne aka walda, ƙofa ba ta buɗewa sai dai direba ya shiga ta taga, fitilun gaba kuma hoto ne aka manna. Injinta mai silinda 8 ne, nauyinta kimanin kilo 1,500. Kamfanoni uku ne suke sa sunansu a jikin motocin babbar gasar: Chevrolet da Ford da Toyota.

Marar madigadi ba ta yi kama da wani abu da ka taɓa gani a kan titi ba. Kujera ɗaya ce a tsakiya, direba yana kishingiɗe a ciki kamar wanda aka zura a kwalekwale, tayoyi huɗu a waje tsirara, ga fukafukai gaba da baya. Fukafukan jirgin sama ɗaga shi suke yi. Na wannan mota a kife suke, don haka iya gudunta iya yadda iska take danne ta a ƙasa, shi ya sa take shan kwana da gudun da zai kifar da kowace irin mota. Nauyinta kusan rabin na mai madigadi ne. Manyan gasanninta biyu ne: Formula 1, wadda take zagaya ƙasashen duniya tun 1950, da IndyCar ta Amurka.

Maganar wadda ta fi gudu ba ta buƙatar gardama, domin duka ukun sun yi tsere a fili guda a garin Austin na jihar Teksas. Motar Formula 1 ta zagaye shi a minti ɗaya da daƙiƙa 32, ta IndyCar a minti ɗaya da daƙiƙa 46, ta NASCAR kuwa sai da ta haura minti biyu. Masoya NASCAR sun san da haka, kuma ko a jikinsu. A nan na fara gane cewa ba gudu suke zuwa kallo ba.

Abin da Madigadi Yake Halattawa

Mai karatu, ka yi tunanin tayoyi biyu suna juyawa, ɗaya a gaban ɗaya. Bayan tayar da ke gaba sama yake yi, gaban tayar da ke baya kuwa ƙasa yake yi. In suka haɗu ba tare da wani shamaki ba, sai ta baya ta haye kan ta gaba, motar ta tashi sama. Wannan shi ne tsoron da kowane direban marar madigadi yake kwana da shi. A watan Oktoba na 2011, a Las Vegas, motoci 15 na IndyCar suka yi karo, da yawa suka tashi sama, Dan Wheldon ɗan Ingila wanda ya ci tseren Indianapolis sau biyu ya rasa ransa. Saboda haka a wannan tsere taɓa ɗan'uwanka kuskure ne, kuma yawanci alƙalai sukan hukunta wanda ya jawo. Gwaninta ita ce ka matso shi har saura ɗan yatsa, amma kada ka shafe shi.

Mai madigadi kuwa tana iya gogar 'yar'uwarta, fenti ya goge, bodi ya lotse, kowa ya ci gaba da tafiya. Daga wannan dama aka gina al'ada guda. A ƙananan filaye irin Martinsville da Bristol, waɗanda zagayensu bai kai kilomita ɗaya ba, direba yakan sa bamba ya ɗan tunkuɗe na gabansa a bakin kwana ya wuce, kuma ba a ɗauke shi mai laifi ba, sai dai ya sani cewa bashi ya ci, wata rana za a rama. Direbobi sukan riƙe juna a zuci shekara da shekaru, 'yan kallo kuma suna lissafe da wanda yake bin wani. A Martinsville ɗin nan, a 2022, wani direba mai suna Ross Chastain yana buƙatar ya wuce motoci a zagayen ƙarshe, sai ya ƙi taka birki, ya manna gefen motarsa da katangar kwana, ya danna totur har ƙasa, katangar ta riƙa juya shi. Ya tashi daga na goma ya tsallake layi yana na biyar. Motar ta lalace, 'yan kallo suka haukace da ihu, daga baya NASCAR ta haramta dabarar. Da marar madigadi ce, tayar farko da ta taɓa katanga za ta ɓalle, magana ta ƙare.

Akwai kuma batun iska. A manyan filaye irin Daytona da Talladega, inda aka karkatar da kwanoni kamar cikin kwano, motar da ke gaba ce take fasa iska, ta bayanta kuwa tana laɓe, tana samun gudu a ɓagas. Tun 1988 NASCAR take rage ƙarfin inji a waɗannan filaye biyu, bayan motar Bobby Allison ta tashi ta yaga shingen 'yan kallo a Talladega a 1987. Sakamakon haka motoci kusan 40 suke tafiya a dunƙule, sahu biyu ko uku, bamba da bamba, da gudun kilomita 300 a sa'a. Ba mai iya ci shi kaɗai, dole sai wani ya tura shi daga baya, wanda ya tura ka ɗin kuma shi zai yaudare ka a zagayen ƙarshe. A wani tsere a Talladega a 2010, sau 88 aka canja wanda ke kan gaba.

Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Bayanin taya da iska bai isa ya nuna dalilin da ya sa mutane suke ɗaukar abin da zafi ba. Sai an koma ga asali.

NASCAR 'yar kudu maso gabashin Amurka ce, ƙasar manoma da ma'aikatan masaƙu. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnatin Amurka ta haramta barasa. (Na ce barasa ne don kada a rikita da giyar mota.) Mutanen tsaunukan wannan yanki suka riƙa dafa ta a ɓoye, kuma ko bayan an ɗage haramcin ba su daina ba, don gudun haraji. Ana buƙatar samari masu kai kayan birni da dare, a motocin da daga waje ba su da bambanci da na kowa, amma an yi wa injinsu aiki yadda 'yan sanda ba za su kamo su ba. Ran hutu sai su taru a fili su gwada wa ya fi. Wani bakanike mai suna Bill France ne ya tara masu ruwa da tsaki a wani otal a Daytona ta jihar Fulorida a watan Disamba na 1947, aka kafa ƙungiyar a 1948. Ɗaya daga cikin manyan taurarinta na farko, Junior Johnson, sai da ya yi zaman kurkuku a kan barasa, ya fito ya ci tseren Daytona a 1960. Shugaba Reagan ya yi masa afuwa a 1986. Mutanen yankin ba sa ɓoye wannan tarihi, tinƙaho ma suke yi da shi. Direba a wurinsu ɗan gida ne, mai magana da irin karin harshensu, motarsa kuma tana ɗauke da sunan wadda suke hawa zuwa aiki.

Sauran Amurkawa ba su waiwayi wannan wasa sosai ba sai a watan Fabrairu na 1979, ranar da gidan talabijin na CBS ya nuna tseren Daytona 500 kai tsaye daga farko har ƙarshe. Aka yi sa'a dusar ƙanƙara ta tsare mutanen gabashin ƙasar a gida. A zagayen ƙarshe na ɗaya da na biyu, Donnie Allison da Cale Yarborough, suka yi ta bangazar juna har suka daki katanga. Richard Petty da ke can baya ya zo ya wuce ya ci. Kyamara na juyowa sai ga Yarborough da 'yan gidan Allison sun fito daga mota suna dambe a kan ciyawa. Har yau masoya NASCAR suna kawo wannan rana a matsayin ranar da wasansu ya shiga gari, masu sukarta kuma suna kawo ta a matsayin hujja.

Marar madigadi kuwa gidanta a Amurka shi ne Indianapolis ta jihar Indiyana, kuma ta girmi NASCAR nesa ba kusa ba. An gina filin a 1909, aka fara tseren mil 500 a 1911. Zagaye ɗaya kilomita 4 ne, ana yin 200, jimla ta ɗara nisan Legas zuwa Abuja, kuma cikin kimanin sa'a uku ake gamawa. Motoci 33 ne suke shiga, mutanen da ke taruwa a ranar sukan kai 300,000. Tun farko ƙofarsa a buɗe take ga baƙi. Wani Bafaranshe, Jules Goux, ya ci a 1913. Jim Clark ɗan Sukotland ya ci a 1965 da mota mai inji a baya, abin da ya kawo ƙarshen tsohuwar ƙirar Amurkawa. Daga 1950 zuwa 1960 ma ana lissafa tseren a cikin gasar duniya ta Formula 1. Masoyansa suna alfahari da fasahar injiniyoyi da haɗuwar gwanayen ƙasashe. Amma kada a ɗauka su ba su da tasu tsohuwar al'adar. Wanda ya ci dole ya sha madara a gaban jama'a, al'adar da ta samo asali daga Louis Meyer a 1936. A 1993 Emerson Fittipaldi ɗan Birazil, wanda yake da gonakin lemo, ya ture madarar ya sha ruwan lemo. Sai da ya sha ihun 'yan kallo, wasu har yau ba su yafe masa ba.

Akwai wani ɓangare na wannan asali da ba zan tsallake ba, domin ya shafi yadda mu baƙar fata muke kallon wasannin biyu. A 1963 Wendell Scott, baƙar fata, ya ci tseren NASCAR a Jacksonville, amma aka sanar da wani farar fata, sai bayan jama'a sun watse aka gyara sakamakon. Ya rasu a 1990, iyalansa suka karɓi kofi daga NASCAR a 2021. A wannan shekara ce kuma wani baƙar fata, Bubba Wallace, ya sake cin babban tsere, wato bayan shekara 58. Tutar jihohin kudu da suka yi yaƙi don riƙe bauta ta daɗe tana kaɗawa a filayen NASCAR, sai a 2020 aka hana ta. Ba wai Formula 1 cike take da baƙaƙen fata ba. Mutum ɗaya ne, amma mutum ɗayan shi ne Lewis Hamilton, zakaran duniya sau 7. Ni kaina saboda shi na fara kallon tsere, kuma kusan duk abokaina da suka san wani abu game da tseren motoci ta wannan ƙofa suka shigo.

Abin da Kowa Yake Faɗa Game da Ɗan'uwansa

Mai son marar madigadi yakan ce NASCAR ba komai ba ce illa juyawa hagu na sa'a uku, a mota mai tsohuwar fasaha. Yana da 'yar gaskiya a batun fasaha: har 2011 da kafireta motocin suke aiki, alhali motocin gida sun daɗe da barin ta. Yakan ƙara da cewa an mayar da wasan dirama. Tun 2017 ana tsayar da tsere a tsakiya a raba maki, motoci su sake haɗuwa wuri guda, wanda ya sha wahala ya yi nisa ya ga an dawo masa da kowa bayansa. A wannan ina tare da shi. Na kasa sabawa da abin.

Mai son NASCAR kuma yakan ce Formula 1 ba tsere ba ce, jerin gwano ne, kuma mota ce take ci ba direba ba. A Formula 1 kowane kamfani shi yake ƙera motarsa, don haka wanda injiniyoyinsa suka dace a shekarar shi zai yi ta lashewa. A 2023 kamfanin Red Bull ya ci tsere 21 cikin 22, Max Verstappen shi kaɗai ya ci 19. A NASCAR kuwa, a 2022, direbobi 19 daban-daban ne suka ci a cikin tsere 36. Duk wanda ya taɓa zama ya kalli tseren Monako, inda titin ya yi ƙunci har wuce mota ya kusa gagara, ya san wannan suka ba ƙarya ba ce.

Maganar juyawa hagu ce na canja ra'ayi a kanta. A fili mai siffar ƙwai direba ba ya samun hutu. Kwanar ɗaya ce, amma ba ta zama iri ɗaya sau biyu, domin taya tana cinyewa, mai yana raguwa, rana tana sauya zafin kwalta, iskar motocin da ke kewaye da kai kuma tana fizgar taka. Direba ba ya iya ganin gefensa sosai, sai an ajiye masa mutum a saman rumfar 'yan kallo yana gaya masa ta rediyo ko akwai mota a damansa. 'Yan kallo ma suna iya sa na'ura a kunne su saurari wannan hira, har da zage-zagen da ke cikinta. Haka kuma a ƙaramin fili, daga kujerarka kana ganin motoci duka daga farko har ƙarshe. Wanda ya je kallon Formula 1 kwana ɗaya ko biyu kawai yake gani, mota ta gifta kamar walƙiya, sauran sai a allo. Shi abin da yake bi lissafi ne: wace irin taya aka sa, yaushe za a tsaya canji, daƙiƙa nawa ke tsakani. Mutum kusan 20 suke rufar wa motar su canja taya huɗu a daƙiƙa biyu da 'yan kai. A NASCAR mutum biyar ne suke tsallako katanga da jak da tulun mai a kafaɗa, suna gudu daga wannan gefe zuwa wancan.

Shekarun da Bango ya Tsage

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, rinjayen da NASCAR ta samu a Amurka ba ƙarfinta kaɗai ya ba ta ba. A farkon shekarun 1990 gasar marasa madigadi ta Amurka, wadda ƙungiyar masu motoci mai suna CART take gudanarwa, tana da ƙarfi ƙwarai, har Nigel Mansell ya ci kambun Formula 1 a 1992 ya tsallako ya ci nata a 1993. Amma a lokacin filin Indianapolis ba na CART ba ne, na iyalan Hulman ne, kuma jikan gidan, Tony George, yana ganin gasar ta yi tsada, baƙi sun cika ta, yaran Amurka da suka taso a ƙananan filaye ba su da hanyar shiga. Misalin da ake yawan kawowa shi ne Jeff Gordon, wanda ya girma a Indiyana yana tuƙa marasa madigadi, bai sami kujera ba, ya tafi NASCAR ya zama zakara sau huɗu.

George ya kafa tasa gasar, ta fara a 1996, ya kuma ware gurbi 25 cikin 33 na tseren Indianapolis ga 'yan gasarsa. CART ta yi fushi ta shirya nata tseren mil 500 a Michigan a rana guda. Manyan direbobi suna can, babban fili yana nan. Abin kunya, a Michigan tun kafin a kaɗa tutar farawa gwanayen suka yi karo da juna. Shekara 12 aka yi a rabe, sai a 2008 aka sake haɗewa. Hausawa suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A waɗannan shekaru masu talla da 'yan kallo da matasan direbobi suka kwarara zuwa NASCAR. Tony Stewart, zakaran gasar George a 1997, shi ma can ya koma ya ci kambu uku. Mutuwar Dale Earnhardt a zagayen ƙarshe na Daytona 500 a watan Fabrairu na 2001, a gaban miliyoyin masu kallo, ta girgiza ƙasar, ta kuma tilasta gyare-gyaren kare lafiyar direba. A 2006 masu kallon wannan tsere a talabijin sun kai miliyan 19.

Daga nan abin ya fara ja da baya. Formula 1, wadda ta bar Amurka 'yan shekaru bayan abin kunyar tseren 2005 a Indianapolis inda motoci 6 kacal suka fafata saboda matsalar taya, ta dawo Austin a 2012, ta ƙara Miami a 2022 da Las Vegas a 2023. Wani shiri da Netflix ta fara a 2019 ya jawo mata matasa da mata da yawa waɗanda da ba ruwansu da mota. A 2025 kuma masu kallon tseren Indianapolis a talabijin, kimanin miliyan 7, sun ɗara na Daytona 500.

Waɗanda Suka Tsallaka

Da a ce ɗaya ta fi ɗaya sauƙi, da gwanin mai wuyar ya je ya kwashe kofunan mai sauƙin. Ba haka ta faru ba. Juan Pablo Montoya ɗan Kolambiya ya ci Indianapolis a 2000, ya ci tsere 7 a Formula 1, sannan ya shafe shekara bakwai a NASCAR daga 2007. Sau biyu kawai ya ci a babbar gasar, kuma duka biyun a hanyoyi masu lanƙwasa dama da hagu, ko sau ɗaya bai ci a filin da ake raina wa juyawa hagu ba. Da ya koma IndyCar sai ya sake cin Indianapolis a 2015. Jimmie Johnson, zakaran NASCAR sau 7, ya gwada IndyCar a 2021 da 2022 bai ci ko ɗaya ba. Shi ya sa ɓangarorin biyu suke cire wa Mario Andretti hula: Daytona 500 a 1967, Indianapolis a 1969, kambun Formula 1 a 1978.

A ranar Lahadin ƙarshen watan Mayu ake yin tseren Indianapolis da rana, da yamma kuma a yi na mil 600 na NASCAR a Charlotte. Wasu direbobi sukan yi ƙoƙarin shiga duka biyun, su fito daga wannan mota su hau jirgi su faɗa waccan. Tony Stewart ya kammala mil 1,100 ɗin cif a 2001. Kyle Larson ya gwada a 2024 ruwan sama ya ɓata masa shiri, ya sake gwadawa a 2025 ya yi haɗari a duka biyun.

Ni dai har yanzu zuciyata tana wajen marar madigadi, kuma in za a bar ni in zaɓa, IndyCar zan ɗauka, domin kamfani ɗaya ne, Dallara na Italiya, yake ƙera jikin motocin duka, ana kuma yin tsere a fili mai siffar ƙwai da hanya mai lanƙwasa da titin gari. Amma na daina yi wa masu juyawa hagu dariya.

Inda Sunayen Suka Fito

Kawun nan nawa a Kano ya koyi kanikanci, ya daɗe a can kafin ya dawo gida. Hausarsa ta gareji ce, ba ta littafi ba, kuma yakan yi mini ba'a cewa ni nahawu na iya, shi kuwa magana. Ranar da na kai masa waya na nuna masa tseren NASCAR, sai ya hango tambarin Toyota ya ce, "Kai, yaro, wannan ba Camry ba ce?" Na ce, "Sunanta ke nan, Kawu, tun 2007 suke sa ta a gasar." Ya ƙura ido ya saurari kukan injin, ya girgiza kai ya ce ya kwance Camry ta fi ɗari, babu wadda take kuka haka, kuma wannan da tayar baya take ja. Duk da haka har aka gama tseren ita yake goyon baya.

Na nuna masa ta Formula 1, na kuma gaya masa matsalata. A lokacin na rubuta "mota mai rufaffiyar taya" da "mota mai buɗaɗɗiyar taya". Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce buɗaɗɗiyar taya ai sai wurin mai faci. Ya sake duban hotunan biyu ya ce, "Me ka ke wahalar da kanka? Wannan mai madigadi ce, waccan marar madigadi."

Haka na rubuta na mayar wa Malam. Ya karanta ya ce madigadi ma kalmar aro ce, amma ta daɗe da zama 'yar gida, duk direba da ɗan kamasho ya san ta, don haka ya amince. Sai dai ya zagaye wata kalma guda da jan biro ya sa alamar tambaya, wato "laɓe" da na yi amfani da ita ga motar da take fakewa bayan 'yar'uwarta don guje wa iska. A ganinsa laɓe na mai sauraren hirar mutane ne a bayan ƙofa. Na koma wurin Kawu, ya ce shi a garejinsu ba a tseren da zai sa a raɗa wa wannan suna. Duk ɗalibin da yake da kalmar da ta fi tawa, don Allah ya neme ni a Sashe kafin ƙarshen wannan zango.